Madubin Tagulla na Ƙasar Sin da Kuzan Riruwai

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi Jos ta Kwanar Dangora, da zarar ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, zai fara hango jerin duwatsu masu tsawo a ƙasar Doguwa. Waɗannan su ne duwatsun Riruwai. A cikinsu, da kuma cikin rafukan da ke gangarowa daga kansu, ake samun wani baƙin yashi mai nauyi wanda Hausawa ke kira kuza. Mutane da yawa sun san kuza a matsayin ma'adinin da Turawa suka yi ta haƙa suna kwashewa zuwa Ingila, amma kaɗan ne suka san irin hidimar da farin ƙarfen da ake tacewa daga gare shi ya yi wa ɗan Adam tun dubban shekaru da suka wuce.

Ɗaya daga cikin kayayyakin da suka fi nuna darajar wannan ƙarfe shi ne tsohon madubin tagulla na ƙasar Sin. Madubi ne mai fuska biyu, kuma kowace fuska tana ɗauke da ilimi nata na daban. Fuskar gaba, wadda ake dubawa, tana nuna gwanintar Sinawa wajen haɗa ƙarafa. Fuskar baya, wadda aka ƙawata da siffofin dabbobi 12, tana nuna yadda suke lissafin lokaci. Dukkan ilmukan nan biyu suna da takwarori a kudancin Kano, watau narkar da kuza da kuma ƙidayar taurarin damina.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita sunaye. A cikin wannan bayani, jan ƙarfe shi ne ƙarfen nan mai launin ja wanda ake gani a cikin wayar lantarki. Kuza na nufin baƙin yashin da kuma farin ƙarfen da ake samu daga gare shi. Dalma ita ce ƙarfe mai taushi da nauyi irin na cikin batirin mota. Tagulla kuwa ita ce abin da ake samu idan aka narka jan ƙarfe da kuza wuri ɗaya.

Siffar madubin da tarihinsa

Madubin Sinawa faifai ne na tagulla, yawanci kewayayye, wanda faɗinsa kan kama daga santimita 10 zuwa 25. Galibi ba shi da mariƙi. A tsakiyar bayansa akwai wani ɗan ƙulli mai huda, inda ake zura igiyar alharini domin a riƙe shi a hannu ko a rataye shi. Kewaye da wannan ƙulli ne ake yin zane-zane, da'ira bayan da'ira, har zuwa baki.

Madubai mafiya tsufa da aka tono a ƙasar Sin sun fito ne daga yankunan Gansu da Qinghai na arewa maso yamma, kuma sun kai kimanin shekaru 4,000. A shekarar 1976, masu binciken kufai suka buɗe kabarin wata matar sarki mai suna Fu Hao a garin Anyang, wadda ta rayu wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya, suka sami madubai huɗu a cikin kayanta. Sana'ar ta bunƙasa sosai a zamanin daular Han, daga shekara ta 206 kafin Miladiyya zuwa 220 Miladiyya, sa'an nan ta sake kai wani matsayi na ƙoli a zamanin daular Sui (581 zuwa 618) da ta Tang (618 zuwa 907). A wannan zamani na biyu ne zanen dabbobi 12 ya yawaita a bayan madubai.

Madubi a wurin Sinawa ya wuce kayan kwalliya kurum. Akan sa shi cikin kayan aure, sarakuna kan yi kyauta da shi, kuma akan binne mamaci da nasa. Wannan al'ada ta binnewa ita ce ta sa dubban madubai suka tsira har zuwa yau. Haka kuma ya kasance hajar fatauci. A shekarar 1998 aka gano wani jirgin ruwa ƙirar Larabawa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya wajen shekara ta 830, ɗauke da kwanukan tangaran kimanin 60,000 da madubai 29 na tagulla. Wannan ya nuna cewa madubin Sin ya bi hanyar teku ya nufi kasuwannin ƙasashen Musulmi tun zamanin Abbasiyawa.

Dabbobi 12 da lissafin lokaci

A madubin zamanin Sui, da'irar ciki takan ɗauki halittu huɗu masu wakiltar kusurwoyin duniya. Gabas tana da wani dodon almara mai jikin maciji da ƙafafu huɗu da ƙaho, wanda Sinawa ke kira Lung. Yamma tana da farar damisa, kudu tana da jan tsuntsu, arewa kuma tana da kunkuru wanda maciji ya naɗe. Da'irar waje kuwa an raba ta gida 12, kowane gida da dabbarsa, bisa wannan jeri: ɓera, sa, damisa, zomo, dodo, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare da alade.

Asalin wannan jeri wasu haruffa ne guda 12 waɗanda Sinawa ke kira rassan ƙasa, kuma suna amfani da su wajen ƙidayar kwanaki tun zamanin daular Shang, fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. Madubai da yawa na zamanin Han suna ɗauke da haruffan ne kawai, an jera su kewaye da wani murabba'i a tsakiya. Daga baya aka haɗa kowane harafi da dabba guda. An sami wani tsohon jerin dabbobin a rubuce a kan tsagin gora cikin wani kabari na shekara ta 217 kafin Miladiyya, wanda aka tono a Shuihudi a 1975. A ƙarni na farko na Miladiyya kuma wani malami mai suna Wang Chong ya kawo jerin a littafinsa kusan kamar yadda aka san shi a yau.

Jerin yana aiki iri uku a lokaci ɗaya. Na farko, agogo ne: an raba yini da dare kashi 12, kowane kashi awa biyu. Lokacin ɓera yana farawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa ƙarfe 1, lokacin doki kuma daga ƙarfe 11 na hantsi zuwa ƙarfe 1 na rana. Na biyu, manunin kusurwa ne: ɓera yana arewa, zomo gabas, doki kudu, zakara yamma. Na uku, kalanda ce ta shekaru, inda kowace shekara ke ɗaukar sunan dabba guda har a zagayo bayan shekara 12.

Lambar 12 a lissafin shekaru tana da alaƙa da Mushtari, wanda Sinawa ke kira tauraron shekara. Mushtari yana gama kewaya rana a cikin shekara 11.86, saboda haka mai kallonsa daga ƙasa zai ga kowace shekara ya matsa kimanin kashi ɗaya cikin 12 na sararin sama. To amma 11.86 ba ta cika 12 ba. Wannan ɗan giɓi yana taruwa, har ya zama bayan kimanin shekara 85 tauraron ya riga lissafi da gida ɗaya cur. Masana taurari na Sin sun lura da haka, daga bisani kuwa ƙidayar shekaru ta rabu da tauraron ta ci gaba da tafiya a kan lissafi zalla.

Bayan rassan ƙasa 12, akwai kuma wasu haruffa 10 da ake kira jigogin sama. Ana jera su biyu-biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, har sai an dawo kan haɗin farko. Ɗalibin da ya koyi neman mafi ƙanƙantar lambar da 10 da 12 ke shiga cikinta ba saura zai gane nan take cewa zagayen zai cika ne bayan 60. Zagayen da ake ciki ya fara a 1984, zai kuma ƙare a 2043.

Akwai hanya mai sauƙi ta gano dabbar kowace shekara. A cire 3 daga shekarar Miladiyya, a raba abin da ya rage da 12, saurar ita ce lambar dabbar a jeri. In babu saura, shekarar alade ce. Alal misali, 1960 idan aka cire 3 ta zama 1957, a raba da 12 saura 1, watau ɓera. Shekarar 1974, wadda aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a cikinta, tana ba da saura 3, watau damisa. Sai dai a tuna cewa sabuwar shekarar Sinawa tana kamawa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Wannan duk ƙidaya ce tsantsa. Da'awar da wasu ke yi cewa dabbar shekarar haihuwar mutum tana hukunta halinsa ko arzikinsa kuwa ba ta da wata hujja a kimiyyance.

Buruji da manzilai

Sau da yawa akan kira dabbobin nan burujin Sinawa, kuma wannan yakan kawo ruɗani. Burujin da malaman hisabi na ƙasar Hausa suka sani, watau Hamal, Saur, Jauza, Saraɗan, Asad da sauransu har zuwa Hut, gungun taurari ne na zahiri waɗanda ke jere a kan hanyar da ake ganin rana tana bi a sama cikin shekara. Rana takan yi kimanin wata guda a kowane burji. Asalin wannan tsari daga Babila yake, ya bi ta hannun Girkawa ya iso ga Larabawa. Dabbobin Sinawa kuwa sunaye ne na ƙidaya, babu wani gungun taurari da ake kira ɓera ko biri a cikin tsarin. Abin da ya haɗa su shi ne lambar 12 kawai. Maƙeran Farisa da na Anatoliya a ƙarni na 12 da na 13 su ma sun zuba madubai na tagulla masu ƙulli a tsakiya irin na Sin, amma suka sa siffofin buruji a gurbin dabbobin.

Inda tsarin Sin da na ƙasar Hausa suka yi kama da gaske shi ne a wata da'ira ta uku da ake gani a wasu madubai na zamanin Tang, mai ɗauke da gidajen taurari 28. Wata yana gama zagayensa a tsakanin taurari cikin kwana 27 da sulusi, saboda haka kusan kowane dare yana da masauki. Sinawa sun raba masaukan nan kashi huɗu, bakwai-bakwai, a ƙarƙashin halittun kusurwoyi huɗu. Larabawa ma suna da manzilai 28, kuma su ne malamai da manoman ƙasar Hausa suka ɗauka suka ɗora a kan yanayin shekara, bakwai ga bazara, bakwai ga damina, bakwai ga kaka, bakwai ga ɗari. Kowane tauraro yana kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. Idan aka ninka 27 sau 13 aka ƙara 14, za a sami 365 daidai. Dattijon manomin da ke cewa an shiga Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa, yana auna lokacin shuka da noma ne da kalandar rana wadda ba ta zamewa kamar yadda watannin Hijira ke zamewa da kwana 11 kowace shekara.

Aikin kuza a fuskar madubi

Jan ƙarfe shi kaɗai ba ya yin madubi mai kyau, saboda dalilai biyu. Na farko, yana da taushi, ga saurin karcewa. Na biyu, yana mayar da jan haske fiye da shuɗi, don haka fuskar mai dubawa takan fito jajaja. Idan aka zuba masa kuza kashi 10 cikin 100, sai a sami tagulla mai launin zinariya wadda ta dace da makami da ƙararrawar hannu da gunki. Idan kuza ya haura kashi 20, launin yakan fara komawa fari, ƙarfen kuma ya yi tauri ƙwarai. Da ya kai kashi 33, sai ya yi fari kamar azurfa, amma ya zama mai gautsi, in ya faɗi ya fashe kamar tangaran.

Awon da masana suka yi wa madubai masu yawa na zamanin Han da Tang ya nuna cewa maƙeran Sin sun tsaya a kan ma'auni kusan ɗaya na tsawon ƙarnoni: jan ƙarfe kimanin kashi 70, kuza kimanin kashi 25, dalma kimanin kashi 5. Wannan ma'auni sulhu ne tsakanin haske da ƙarko. Kuzan ya isa ya ba da fari da tauri, bai kuma kai inda madubin zai fashe a hannun mai goge shi ba. Ita kuwa dalma tana sa narkakken ƙarfe ya kwarara ya shiga kowane lungu na mazubin yumɓu, shi ya sa ake iya ganin gashin wutsiyar doki da tukun zakara a zanen da bai fi kan ɗan yatsa ba.

Kuza yana da wani amfanin kuma. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin santigireti, kuza kuwa a digiri 232 kacal. Gaurayensu mai kashi 25 na kuza yana narkewa a wajen digiri 800, abin da ke rage gawayi da wahalar zuga.

Bayan an fasa mazubi, sauran aiki shi ne gugar fuska. Kafin ƙarfe ya nuna hoto sosai, dole ne kunyoyin da ke kansa su kasance ƙanana fiye da tsawon zangon haske, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Ƙarfe mai tauri ne kaɗai ke karɓar irin wannan guga. Littafin Huainanzi, wanda aka miƙa wa sarki a shekara ta 139 kafin Miladiyya, ya ambaci gugar madubi da wani garin kuza da kuma farin ƙyalle na gashi. Da yake fuskar takan dushe da daɗewa, sai gugar madubi ta zama sana'a mai zaman kanta, masu yin ta suna bin unguwa-unguwa kamar yadda mai wasa wuƙa ke yi. A shekarar 1088 wani masani mai suna Shen Kuo ya bayyana dalilin da ya sa ake yi wa ƙaramin madubi ɗan doro a fuska: doron yana ƙanƙanta hoto, har fuskar mutum duka ta shiga cikin ɗan faifai. Duk wanda ya dubi bayan cokali mai ƙyalli zai ga wannan da idonsa.

Wasu madubai da aka tono sun fito da baƙar fata mai sheƙi wadda tsatsa ba ta ci ba. Binciken zamani ya nuna cewa jan ƙarfen saman ne ya zagwanye cikin ƙasa, ya bar kuza ya haɗu da iskar oksijin ya zama SnO2. Wannan shi ne ainihin sinadarin baƙin yashin da ake wankewa a rafukan Riruwai.

Kuzan Riruwai

Kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce, wurin da Riruwai take a yau dutse ne mai aman wuta. Bayan ya gama aman, bakinsa ya rufta, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashi ya daskare a hankali ya zama falalen dutse mai tsarin zobe. Irin waɗannan zobba suna jere daga duwatsun Azbin a Nijar, su biyo ta Damagaram da Kano da Bauci har zuwa Jos da kudancinta. Masana uku, Jacobson da MacLeod da Black, sun wallafa cikakken bayani a kan zobban Nijeriya a shekarar 1958.

Sa'ad da dutsen ke hucewa, ruwa mai tsananin zafi ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi ta tsagoginsa ya ajiye abin da ya ɗauko. Babbar jijiyar da aka samu ta haka a Riruwai ta miƙe daga gabas zuwa yamma tsawon kimanin kilomita 5, tana ɗauke da kuza da tutiya da dalma da wasu ma'adinai. Ruwan sama na miliyoyin shekaru ya yi ta cin dutsen yana gangaro da ɓarɓashi cikin rafuka. Kuza ba ya ruɓewa, kuma nauyinsa ya ninka na ruwa sau 7, alhali na yashin rafi bai kai sau 3 ba. Shi ya sa idan aka ɗebi yashi a ƙwarya ana jujjuya shi cikin ruwa, farin yashi kan fice, baƙin ya kwanta a gindi. Kusan kashi 79 cikin 100 na nauyin tsantsar wannan baƙin yashi farin ƙarfe ne.

Mutanen Riruwai sun san hanyar fitar da shi tun kafin zuwan Turawa. Sukan gina murhu na yumɓu, su jera gawayi da kuza a ciki, su yi ta zuga da zugazugan fata. Abin da ke faruwa a cikin murhun shi ne, kabon ɗin gawayi yana ƙwace oksijin daga SnO2, ya bar ƙarfen ya tsiyayo ƙasa. Ko da yake ƙarfen yana narkewa a digiri 232, raba shi da oksijin yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,000, kuma a nan ne gwanintar mai zuga take. Bayan haka sai su sake narka shi, su kafa sillayen ciyawa cikin damshin toka, su zare su, su zuba ƙarfen a ramukan. Abin da ke fitowa siraran sanduna ne kamar tsinke, waɗanda ake ɗaurewa dami-dami a kai kasuwa. Maƙeran fari na Kano da wasu garuruwa suna amfani da su wajen shafe kwanukan jan ƙarfe da yin zobba da sauran kayan ado. A ƙarni na 19 wasu daga cikin masu wannan sana'a suka tashi suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauci, suka ci gaba da aikin a can.

Abin da ƙasar Hausa ta rasa shi ne wadatar jan ƙarfe. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ba da labarin ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno, kuma daga baya yawancinsa ta Sahara yake zuwa a bayan raƙuma. Madubi ma haka: Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa ƙananan madubai na gilashi daga Nuremberg ta Jamus cikin hajar da ake sayarwa a kasuwa.

Waɗannan sandunan kuza da ake gani a kasuwanni su ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya aika masu bincike ƙasar Bauci a 1902 da 1903. Cikin 'yan shekaru gwamnatin mulkin mallaka ta raba filayen kuza ga kamfanoni, murahun gargajiya suka mutu, masu narkarwa da 'ya'yansu suka koma leburori ko masu wanke yashi suna sayar wa kamfani. Aka riƙa ɗaukar ɗanyen kuza zuwa Ingila, kuma ba a sake narka shi da yawa a ƙasar nan ba sai farkon shekarun 1960, da aka buɗe masana'antar narkarwa a Jos. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan labari a littafinsa na 1981. A shekarun 1970 aka buɗe mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai domin bin babbar jijiyar, amma aikin ya tsaya a cikin shekarun 1980. A waɗannan shekaru ne kuma, cikin watan Oktoba na 1985, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan.

Kuza bai rabu da madubi ba

Gaurayen jan ƙarfe da kuza ya yi wa ilimin taurari wata hidimar a Turai. Madubin hangen nesa da Isaac Newton ya ƙera a 1668 yana tara haske ne da faifan irin wannan tagulla, kuma da irinsa William Herschel ya gano duniyar Yuranus a 1781. Irin wannan faifai yana mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na hasken da ya sauka a kansa. Maƙeran gilashi na Venis, tun ƙarni na 16, suna shafa wa bayan gilashi kuza haɗe da zaiba, har zuwa lokacin da Justus von Liebig ya fito da hanyar shafa azurfa a 1835. A yau ma, gilashin taga da na madubi ana shimfiɗa shi ne a kan tafkin narkakken kuza domin ya fito sumul, bisa hanyar da kamfanin Pilkington ya bayyana a 1959. Haka nan kuza ne babban sinadarin abin da mai gyaran rediyo da wayar hannu ke liƙa wayoyi da shi.

Aiki ga makarantu

Makarantun sakandare na Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji suna kusa da ɗakin gwaji wanda babu irinsa a birni. Malamin kimiyya zai iya sa ɗalibai su auna nauyin kofi ɗaya na baƙin yashi da kofi ɗaya na farin yashi su kwatanta. Malamin lissafi zai iya amfani da zagayen 60 da ƙidayar manzilai wajen koyar da rabawa da saura. Ƙungiyar tarihi ta makaranta kuma za ta iya zama da dattawa ta rubuta sunayen kayan aikin kuza, da wuraren tsofaffin murahu, da kwanakin shigar kowane tauraro kamar yadda manoman yankin ke lissafawa, a kwatanta da ranakun da ruwa ya sauka a shekarar. Duk wanda ya tsinci kashin murhu ko tsohuwar sandar kuza, ya dace ya rubuta inda ya gan ta, ya sanar da gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama da ke Kano.

Wajibi ne a yi hattara. Kada ɗalibai su narka dalma ko su taɓa zaiba, kada su shiga tsofaffin ramukan haƙa, kada kuma a daka dutsen ma'adini a cikin gida. Ƙurar dutse mai dalma da aka riƙa niƙawa a tsakar gida ce ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a shekarar 2010.

Kammalawa

Ana iya sanin ma'aunin maƙerin Sin na shekaru 2,000 da suka wuce domin madubansa sun tsira, malaman ƙasarsa kuma sun rubuta abin da suka gani. Masu narkar da kuza na Riruwai sun daina aiki ne shekaru ɗari da 'yan kai kacal da suka wuce, amma mafi yawan abin da aka rubuta game da su baƙi ne suka rubuta shi, da harshen da jikokinsu da yawa ba su karantawa. Sauran ilimin yana bakin dattawa da kuma cikin kufai, ga shi kuwa sabuwar haƙa tana iya share kufai cikin yini ɗaya. Ɗaliban da ke zaune a gindin waɗannan duwatsu su ne suka fi kowa damar tattara shi su rubuta da Hausa tun masu ba da labarin suna raye.